Beryl Cook da Gwanintar Buga Dariya a Takarda

Akwai wani wasa da dattawan Ingila suke ji da shi, na mirgina ƙwallo mai nauyi a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa. Wasa ne na natsuwa da kamun kai. Fararen kaya ake sawa, ba ihu ba guje-guje, kuma yawancin masu yin sa sun ajiye aiki sun yi jikoki. A shekarar 1975 wata mata mai gidan saukar baƙi a birnin Plymouth ta zana matan da ke wannan wasa. Ɗaya ta sunkuya za ta saki ƙwallonta, hankalinta duk ya tafi ga inda take so ya tsaya. Abokiyar karawarta kuwa ta lallaɓo ta baya ta tsokane ta da ɗan yatsa, ta kuma shanye dariyarta kamar ba ita ba. Sunan zanen Sabotage, wato zagon ƙasa. Sunan mai zanen Beryl Cook.

Duk wanda ya ga hoton sai ya dara, kuma wannan kaɗai bai isa a kira mutum gwani ba. Masu sa dariya suna da yawa. Abin da ke da wuya shi ne a yi abin dariyar da zai jure maimaici. Labarin ban dariya sau ɗaya yake ci, idan aka sake shi ya salance. Zanen barkwancin jarida ransa kwana ɗaya ne. Amma mutum zai rataye hoton Beryl Cook a falonsa, ya wuce ta gabansa safe da yamma har shekara goma, wata rana kuma ya tsinci kansa tsaye yana murmushi. Dubban gidaje a Birtaniya suna da hotunanta da aka buga a takarda, da sa hannunta a ƙasa, kuma tun rasuwarta a 2008 ba a daina cinikinsu a gidajen gwanjo ba. Hannu biyu ne suka haɗu suka yi wannan aiki: na matar da ta iya kallon mutane, da na masu ɗab'in da suka iya ɗauke zanenta daga allon katako su sauke shi a takarda ba tare da sun kashe masa rai ba.

Ba ta taɓa shiga makarantar koyon zane ba. An haife ta a 1926 a garin Egham na yankin Surrey, ta tashi a Reading tare da 'yan uwanta mata uku, ta bar makaranta tana da shekara 14 ta koyi buga tafireta. A 1948 ta auri John Cook, wanda ta sani tun suna yara, ma'aikacin jiragen ruwan dakon kaya. A 1956 suka ƙaura da ɗansu zuwa Rodeshiya ta Kudu, ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, kuma a can ne, garin nuna wa yaron yadda ake shafa fenti, abin ya shiga ranta. Da suka koma Ingila a tsakiyar shekarun 1960 sun ɗan zauna a Looe ta yankin Cornwall, sannan a 1968 suka sayi gidan saukar baƙi a unguwar Hoe da ke bakin teku a Plymouth. Lokacin zafi tana hidimar baƙi, idan hunturu ya shigo baƙi suka ɗauke ƙafa sai ta ɗauko buroshi. Kowane katako ta samu zanawa take yi a kansa, har da wanda teku ta turo gaɓa da allon yanka burodi, ta rataye a bangon gidan.

Bernard Samuels, shugaban cibiyar fasaha ta Plymouth, shi ya shawo kanta aka baje kolin zanenta a 1975, tana da shekara 49. Shekara na zagayowa mujallar Sunday Times ta sa aikinta a bangon gaba, gidan zane na Portal da ke Landan ya karɓe ta, kuma da su ta yi hulɗa har ƙarshen ranta. Littafinta na farko, The Works, ya fito a 1978.

Plymouth gari ne na sojojin ruwa, da mashaya, da gidajen rawa, da masu yawon shan iskar teku. A nan idonta ya ƙoshi. Ita kanta mace ce mai tsananin kunya, ba ta son taro a kanta, har bikin buɗe baje kolinta takan ƙi zuwa. Sai ta samu lungu a mashayar Dolphin da ke tsohuwar unguwar Barbican, ko a wani gidan shayi, ta zauna da mijinta. A cikin jakar hannunta akwai ƙananan fararen katuna. Idan wani abu ya ɗauki hankalinta sai ta zura hannu cikin jakar ta zana shi a ɓoye: yadda wata ta riƙe sigari tsakanin yatsu masu jan farce, yadda siket ya ɗame a ƙugu, yadda wani ya leƙa farantin maƙwabcinsa. Waɗannan gutsattsarin take kai wa gida ta harhaɗa.

A wurin harhaɗawar ne gwanintar take, kuma saurin dariya yakan sa a tsallake ta. Mutanenta jibga-jibga ne, sun cika allon maƙil har gefensa yana datse kafaɗar wani ko rabin fuskar wata. Ba a bar wa mai kallo wurin tsayawa daga nesa ba, an jawo shi cikin cunkoson. Ƙafafu kuwa 'yan mitsi-mitsi ne a cikin takalma masu tsini, suna ɗauke da wannan uban nauyi, kuma rabin dariyar daga nan take fitowa. Ta taɓa bayyana cewa idan mutanen suka yi girma, abin da za ta cike a bayansu ya ragu. Na yarda da ita, amma ina ganin ta rage wani abu. Faffaɗan baya fili ne da za a shimfiɗa rigar zanen damisa, ko mai furanni, ko mai ɗigo-ɗigo, kuma gantsarar jiki ita ke jan ido daga wannan kusurwa zuwa waccan. Duk inda ta sa lanƙwasa, akwai wata lanƙwasar da ke amsa mata a ɗaya gefen. Wanda ya rufe fuskokin da tafin hannu zai ga zanen yana nan daram, launi ya zauna kusa da ɗan uwansa.

Sai kuma idanu. Fuskokinta ba su da tarkace, ɗan baki ne da 'yan idanu a tsakiyar kumatu. Amma kowane ido yana da inda ya dosa. Wannan tana harara waccan, waccan tana satar kallon wani saurayi, saurayin bai san ana yi ba don hankalinsa yana kan abinci, can ƙurya kuma wata tsohuwa ta ga komai ta yi gum. Mai kallo yana bin idanun ɗaya bayan ɗaya, labarin yana warwarewa ba tare da kalma ko ɗaya ba. Shi ya sa wanda bai ji Turanci ba zai fahimci Beryl Cook sarai. Ta kuma iya zaɓen lokaci. Ba ta cika zana abin da ya riga ya faru ba. Daƙiƙar da ke gabansa take kamawa, ko wadda ke bayansa kaɗan, ta bar wa mai kallo ya ƙarasa da kansa. Hoton da ya bar maka aikin yi ba ya saurin gundura.

Malamanta biyu ne, duk daga nesa, ta hanyar kallon ayyukansu. Wajen Stanley Spencer ta ga yadda ake mulmula jikin mutum ya yi tudu a kan allo. Wajen Edward Burra ta ga cewa mashaya da matuƙan jirgi da masu yawon dare abin zanawa ne. Sai dai a zanen Burra akwai duhu da ɗar-ɗar. Ita ta ɗauki wuraren ta bar masa duhun.

Ingila ta daɗe da sayar da dariya a takarda. William Hogarth ya buga jerin hotunansa na A Harlot's Progress a 1732, masu kwaikwayo suka yi masa caa, har ta kai majalisa ta kafa dokar kare haƙƙin masu irin wannan sana'a a 1735. Bayansa James Gillray da Thomas Rowlandson sun yi wa sarakuna da 'yan siyasa tsirara da alƙalami. A Faransa Honoré Daumier ya sha ɗaurin wata shida a 1832 saboda hoton da ya yi wa Sarki Louis-Philippe. Duk waɗannan da haƙora suke dariya. Ƙaton ciki a wurinsu shaidar haɗama ce, jar fuska shaidar maye. Mai kallo yana sama, wanda aka zana yana ƙasa.

A nan Beryl Cook ta raba gari da su, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni a aikinta. Ba ta zana mutum don ta tozarta shi. Matan da ta fi so su ne waɗanda suka manyanta, masu teɓa da jakar cefane, irin waɗanda manyan masu zanen Turai ba su cika waiwaya ba sai in za a nuna wahala ko tsufa. Ita ta sa su a tsakiyar fili, sun ci kwalliya, sun fito shan iska, ba wadda take jin kunyar jikinta. Ta sha faɗin cewa ganin mutane suna jin daɗi ne ke sa ta zane, abin baƙin ciki kuwa ba ta kusantarsa da buroshi. Masu kwashe shara, direbobin tasi, mata a layin bas, masu talla a kasuwar kayan gwanjo, sojojin da ke karyawa a gidan shayin Elvira da ɗanta ya taɓa gudanarwa a Plymouth, kowa ta ba shi mutuncinsa. Da a ce matar da ke cikin hoton za ta ga kanta, da ita za a yi dariyar. Mai barkwanci Victoria Wood ta kwatanta ta da Rubens, shahararren mai zanen ƙarni na 17 da aka sani da zana masu jiki, tana cewa bambancin kawai ita tata da raha.

Gaskiya ce ba kowane zanenta ne zai shiga falon kowa ba. Rayuwar garinta ta zana yadda ta gan ta, da giyarta da gidajen rawarta da tufafin da ba su rufe komai ba, kuma akwai waɗanda ni ma ba zan rataye ba. Wannan bai hana a ga kyan zuciyar da ke bayan buroshin ba.

To amma zanen fentin mai guda ɗaya ne, mutum ɗaya zai mallake shi. Ita kuma ba mai gaggawa ba ce, ɗaya take gamawa kafin ta fara wani. Masu so sun yi wa abin da hannunta zai iya yawa nesa ba kusa ba. Katunan gaisuwa da kalanda da littattafai sun rage zafi, amma akwai masu son abin da ya fi kati daraja, wanda kuma bai kai zanen asali tsada ba. Wannan giɓin ne bugu mai ƙayyadadden adadi ya cike, kuma gidan zane na Alexander da ke Bristol ya yi fice wajen fitar da nata.

Iri biyu ne a kasuwa, kuma wanda bai bambance su ba zai sayi tsada. Na farko bugun inji ne da ake kira litogirafi. Ana ɗaukar hoton zanen, a rarraba shi zuwa launi huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, inji ya buga su a matsayin ƙananan ɗigo da ido ke haɗawa. Idan aka ɗora gilashin ƙara girma a kan kuncin wata mata za a ga ɗigon reras. Irin wannan akan buga kwafi 650 ko 850, kuma sau da yawa ana matsa masa hatimin ƙungiyar Fine Art Trade Guild, hatimi marar tawada da ake ji da yatsa a gefen takardar. Na biyu shi ne bugun siliki, wanda ake yi da yawa ƙasa da haka, kamar 275 ko 300 ko 395, kuma shi masu tarawa suka fi rububi.

Dabarar bugun siliki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce dai wadda masu buga riguna da hulunan kamfe da jakunkunan rabon biki suke amfani da ita a Kano da Kaduna. Ana ɗaure yadi mai ƙananan ƙofofi a jikin firam har ya yi tsam. Da can siliki ne, yanzu zaren roba ya maye gurbinsa. A toshe duk inda ba a son tawada ta wuce, a bar inda ake so a buɗe. A kwantar da firam ɗin a kan takarda, a zuba tawada a gefe ɗaya, a ja ta da katako mai bakin roba zuwa ɗaya gefen. Tawadar ta ratsa ƙofofin da aka bari ta zauna. Firam ɗaya, launi ɗaya. Mai buga riga launi biyu ko uku sun ishe shi. Wanda zai fitar da zanen fentin mai kuwa yana iya buƙatar ashirin, talatin, ko fiye.

A nan ake neman wani gwani da sunansa ba ya fitowa a takardar, wato mai rarrabe launi. Zai ajiye zanen asali a gabansa ya yi ta kallo har ya gane yadda za a rushe shi a sake gina shi hawa-hawa. A ɗauki damtsen mace ɗaya. A idon mai wucewa launi ɗaya ne. A idon mai rarrabewa akwai shimfiɗar farko mai haske, akwai ruwan hoda a inda naman ya yi tudu, akwai inuwa mai ɗan duhu a ƙarƙashin hannu, akwai ɗan ƙyalli a kafaɗa. Kowannensu sai an zana shi daban da baƙar tawada a kan farantin roba mai garai-garai. Wannan farantin ake ɗorawa a kan yadin da aka shafa wa wani magani mai jin haske, a haska masa fitila mai ƙarfi. Inda haske ya taɓa, maganin ya daskare ya toshe ƙofofi. Inda baƙar tawada ta kare, ruwa ya wanke shi ƙofofi suka buɗe. Haka za a yi wa kowane launi nasa firam.

Tawadar ma da hannu ake dama ta, ana gwadawa a gefen takarda ana kai ta kusa da zanen. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wasu tawadun masu kauri ne da ke rufe abin da ke ƙarƙashinsu, wasu kuma tsararo ne, ana ganin na ƙasa ta cikinsu, don haka rawaya tsararo a kan shuɗi za ta haifi kore ba tare da an dama kore ba. Gwani yana lissafin wannan tun kafin a ja ko sau ɗaya, ya san wanda zai riga wani sauka. Yawanci daga masu haske ake farawa a ƙare da masu duhu, layin da ke fitar da ido da baki ya zo a ƙarshe.

Sai aikin ƙarfi da haƙuri. A ƙaddara takarda 300 ce, launi 30. Za a buga launin farko a kan duka ɗari ukun, a jera su a kan kantoci su bushe, a wanke, a ɗaura firam na biyu, a sake bi ta kansu. Ja 9,000 ke nan, ban da na gwaji da waɗanda suka lalace. Kowace takarda dole ta koma daidai inda ta kwanta a karon baya, tana jingine da 'yan alamomin da aka manna a tebur. Idan ta goce da kaurin gashi, komai na iya tafiya daidai a rigar damisa ba wanda zai lura, amma a fuska an yi ɓarna. Na ce dariyar Beryl Cook a ido take. Ƙwayar idon da ta matsa kaɗan ta mai da satar kallo ta zama zare ido, labarin ya mutu. Ga danshin iska da ke sa takarda ta miƙe ko ta tsuke tsakanin yau da gobe. Ga tawadar da ke bushewa a cikin ƙofofi idan an yi jinkiri. Takardar da ta lalace a launi na 28 ta tafi da duk wahalar da aka sha a kanta.

Kafin a buga duka, ana kai wa mai zanen gwaji ta duba. Ta ce nan ya yi ja da yawa, can inuwa ta yi nauyi. A gyara a dawo. Wanda ta amince da shi shi ne ma'auni, kowane kwafi da shi za a gwada shi. Sakamakon abu ne da hannu ke ganewa kafin ido: tawada ce zaune a kan takarda mai kauri, launi shimfiɗe ba ɗigo, wani wurin ma ana jin tudun hawa a kan hawa. Zanen Cook ya dace da wannan dabara ƙwarai, domin launukanta masu ƙarfi ne, iyakokin siffofinta a fayyace suke.

Ba tun azal masu zane suka ɗauki bugun siliki da daraja ba. Sana'ar 'yan talla ce da masu alluna. Andy Warhol ya shigar da ita manyan gidajen zane a 1962 da hotunan Marilyn Monroe, a Landan kuma maɗaba'ar Kelpra ta Chris Prater ta nuna iyakar abin da za a iya yi da ita, musamman a aikinta da Eduardo Paolozzi a shekarun 1960. Masu tsattsauran ra'ayi suna cewa akwai bambanci tsakanin wanda ya ƙirƙiri aiki tun farko don a buga shi da wanda aka kwafi zanensa na fenti, kuma hotunan Cook suna cikin kashi na biyu. Maganarsu gaskiya ce, ya kamata mai saye ya san ta. Inda ban bi su ba shi ne raina aikin. Wanda ya rarraba fuskar mutum gida goma ya mayar da ita da murmushinta bai goce ba, ya yi abin a yaba masa.

Idan bugu ya kammala sai mai zanen ta zauna ta bi takardun ɗaya-ɗaya da fensir. Sa hannu a ƙasa ta dama, lamba a hagu, misali 47/300, wato kwafi na 47 cikin 300. Fensir ake amfani da shi don ba ya koɗewa kamar tawadar biro, kuma da wuya inji ya kwaikwaye shi. Idan aka karkata takardar ga haske za a ga ƙyallinsa da ɗan kwarmin da ya yi. Akan ware wasu 'yan kwafi a rubuta musu A/P, rabon mai zane ke nan, bisa al'ada ba sa wuce kashi goma cikin ɗari. Lambar alkawari ce cewa ba za a ƙara ba. Wasu sababbin masu saye suna ɗokin ƙaramar lamba, suna zaton kwafi na 3 ya fi na 280 kyau. A tsohon bugun farantin tagulla, inda farantin ke cinyewa da yawan matsi, zancen yana da tushe. A bugun siliki babu wannan, kuma ba lallai ne a sa lamba bisa jerin da aka buga ba. Tun daga 2008 hannun da ke sa fensir ɗin ya tafi, saboda haka duk abin da aka buga bayan nan, ko da izinin iyalinta ne, kaya ne daban da farashi daban.

Me ke jan masu tarawa? Kuɗi yana ciki, ba a musu. Zanenta na asali yakan kai dubban fam goma-goma a gwanjo, bugun da ta sa wa hannu kuwa daga 'yan ɗaruruwa ne zuwa 'yan dubbai. Ma'aikaciyar jinya ko direban da ya yi ritaya zai iya tara kuɗin ɗaya. Akwai kuma daɗin farauta, domin hotunan suna da yawa kuma kowa da ɓangarensa: wani na kyanwoyi yake bi, wata na masu rawa, wani na Plymouth kawai, wata na tafiye-tafiyenta zuwa New York da Faris. Amma babban dalili, a ganina, shi ne ganewa. Mai saye yana duban hoton ya ce wannan ai gwaggona ce, waccan maƙwabciyarmu ce, wannan kuma ni ce ranar bikin wance. Ga mutanen Birtaniya da suka manyanta akwai ƙarin wani abu, domin ta adana musu duniyar da ke shuɗewa, ta mashayar unguwa cike da hayaƙin taba kafin a hana shan ta a rufaffen wuri a Ingila a 2007, da irin suturar shekarun 1970 da 1980.

Manyan masana zane sun daɗe suna yi mata kallon hadarin kaji. Mai sharhi Brian Sewell ya yi mata kaca-kaca, gidan zane na Tate bai sayi aikinta ba, abin da magoya bayanta suka yi ta ƙorafi a kai. Julian Spalding, lokacin da yake shugabantar gidajen tarihin Glasgow, ya saɓa musu ya sayi Karaoke da By the Clyde. Laifinta a wurin masu sukar shi ne sauƙi, wai abin da kowa ke fahimta ba shi da zurfi. Ban ga hujjar wannan ba. Sa mutum kuka da hoto ya fi sa shi dariya sauƙi, sa shi dariyar da ba ta cutar da kowa ba kuwa ya fi duka wuya. Jama'a dai ba su jira izinin kowa ba. A 1995 aka ba ta lambar girma ta OBE, kunya ta hana ta zuwa fadar Buckingham, aka miƙa mata a Plymouth ba hayaniya. A shekarar ce hukumar gidan waya ta sa zanenta a jikin kan sarki. A 2004 BBC ta nuna Bosom Pals, fim ɗin zane mai motsi da aka gina a kan matan hotunanta. Daga baya ƙofofin da aka rufe suka fara buɗewa: cibiyar Baltic ta Gateshead ta yi mata babban baje koli a 2007, Studio Voltaire ta Landan ta yi nata a 2024.

Akwai wani abu da wannan farin jini ya haifar a kasuwa. Masu sayen Beryl Cook ba masu ɓoyewa a durowa ba ne. Ratayewa suke yi a falo da kicin da matakala, inda rana ke shigowa. Hasken rana kuwa yana cin launi, kuma ja da ruwan hoda da rawaya ne ke fara tafiya, musamman a bugun inji. Hoton da ya shekara ashirin yana fuskantar taga sai a ga kumatun sun koma fari-fari, komai ya rine da shuɗi. Danshi yana fesa wa takarda tabo ruwan ƙasa. Kwalin araha da aka yi firam da shi yana ƙona gefenta ya bar layi mai duhu. Wani mai firam ɗin ma yakan datse farin gefen don ya shiga, ko ya manne takardar da gam, kuma duk wannan yana karya daraja. Don haka ko da an buga 650, waɗanda suka rage da launinsu garau sun yi ƙasa da haka, kuma kwafi biyu na hoto ɗaya suna iya shan bamban sosai a farashi. Gogaggen mai saye yakan nemi a fitar masa da takardar daga firam. Ya duba bayanta, ya gwada launin da ke ɓoye ƙarƙashin kwali da wanda ya sha haske, ya shafa hatimin, ya karkata sa hannun ga fitila. Idan ya gamsu ya biya, sai ya kai ta wurin mai firam ya ce a sa kwali marar asid da gilashi mai tare zafin hasken rana, ya kuma zaɓa mata bangon da ba ya kallon taga.